Mallaka da Malaka: Ko Ana Iya Sayen Gwaninta?

Manyan kamfanonin fasaha na Amurka suna da hanyoyi biyu na samun sabuwar haja, domin ko dai su tara injiniyoyinsu su ƙera ta a cikin gida, ko kuma su saye ƙaramin kamfanin da ya riga ya ƙera ta, da ma'aikatansa da komai nasa. A zahiri wannan lissafi ne na kuɗi da lokaci, amma a ƙarƙashinsa akwai tsohuwar tambaya ta falsafa, wato ko gwaninta tana cikin abubuwan da ciniki ke iya ɗauka daga wannan hannu zuwa wancan.

Ibn Khaldun a cikin littafinsa Muƙaddima ya kira ƙwarewar sana'a "malaka", ma'ana ɗabi'ar da ke kafuwa a jikin mutum saboda yawan maimaita aiki, kuma kalmar tushenta ɗaya da "mallaka" wadda Hausa ta aro daga Larabci. Sai dai mallaka tana sauya hannu ranar da aka rattaba hannu a takarda, alhali malaka sai an shafe shekaru ana gumi. Wanda ya sayi maƙera ya mallaki uwar maƙera da zugazugi da masaba, amma idon da ke gane lokacin da ƙarfe ya isa duka yana nan a fuskar maƙerin, kuma in ya fita da shi zai fita.

Microsoft ya ɗanɗana wannan bayan ya sayi sashen wayoyin Nokia a 2014 a kan fiye da dala biliyan 7, domin shekara guda kacal bayan haka ya rubuta asarar dala biliyan 7.6, ya kuma sallami dubban ma'aikata. Facebook ya biya dala biliyan 19 a kan WhatsApp a wannan shekarar ta 2014, amma waɗanda suka kafa manhajar ba su daɗe ba: Brian Acton ya bar kamfanin a 2017, Jan Koum ya bi sahunsa a 2018, bayan saɓani kan tallace-tallace da sirrin masu amfani da manhajar. WhatsApp bai durƙushe ba, abin da ke nuna cewa taron jama'ar da ke cikinsa aka saya, ba basirar waɗanda suka gina shi ba.

Wannan ba ya nufin ƙirar cikin gida tana da wata albarka ta musamman. Google ya gina nasa dandalin bidiyo bai karɓu ba, sai ya sayi YouTube a 2006 a kan dala biliyan 1.65, sannan Google+ da ya ƙera da hannunsa a 2011 ya rufe shi a 2019.

Misalin da ya fi warware matsalar shi ne na Apple, wanda a 2008 ya sayi P.A. Semi, wani ƙaramin kamfani mai zana ƙwaƙwalwar na'ura, wato ɗan guntun silikon da ke gudanar da lissafin waya ko kwamfuta, a kan dala miliyan 278. Ya shigar da injiniyoyinsa cikin nasa, aka yi ta aiki shekara goma sha biyu kafin a fito da ƙwaƙwalwar M1 a 2020, wadda ta ba shi damar rabuwa da ta kamfanin Intel. Abin da aka saya iri ne, noman kuwa a gida aka yi shi, kuma saye irin wannan ba ya amfanar kowa sai wanda dama yana da gonar da zai shuka.

Akwai kuma sayen da manufarsa ba koyo ba ce, kawar da kishiya ce tun tana ƙarama, kuma zargin da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kai Facebook kotu a kansa ke nan a 2020, game da sayen Instagram da WhatsApp. Ko wane hukunci kotu ta yanke, ciniki irin wannan yana ƙara wa mai saye dukiya ba tare da ya ƙara wa kowa ilimi ba, don haka bai cancanci a kira shi ƙirƙira ba.