Ina Muka Kai Makonni Huɗun Nan?

Da zarar hunturu ya kunno kai a ƙarshen Nuwamba, Fada zai ajiye koren tufafi ya sa shunayya, a kunna kyandir na farko a gaban bagadi, a shiga lokacin jiran zuwan Almasihu. Lahadi huɗu ne kafin Kirsimeti, kuma da su ake buɗe sabuwar shekarar Ikklisiya. A cikinsu ba a rera waƙar ɗaukaka a Misar Lahadi, ana ajiye ta sai daren haihuwa, domin kunne ya yi marmarinta. Ana karanta Annabi Ishaya, a ji Yohanna Mai Baftisma yana kiran mutane ga tuba a bakin Urdun, sannan a Lahadi ta ƙarshe a juya ga Maryamu da Yusufu. Wannan tsari yana nan daram a Kaduna da Kafanchan da Zariya da Jos. Zaman da muke yi da juna a cikinsa ne ya lalace.

Ku saurari sanarwa a kowace Lahadi ta Disamba. Sau da yawa ta fi wa'azi tsawo. Ambulan ɗin godiyar kaka, gwanjon kayan baiko, kuɗin anko, harajin gini, gudummawar sabuwar amsa-kuwwa. A kira mai kuɗi gaba, a faɗi abin da ya bayar da babbar murya, a tafa. Gwauruwar da ta kawo mudun gero tana can baya, ta sunkuyar da kai kamar ta yi laifi. Ban ce coci ba ta bukatar kuɗi ba. Rufi yana yoyo, katikis na ƙauye ya yi watanni ba a ba shi ɗan abin da aka yi masa alkawari ba, kuma ba iska ce za ta biya ba. Amma shekara tana da Lahadi hamsin da biyu. Me ya sa waɗannan huɗun, da aka keɓe domin zuciya ta natsu, su ne muka mayar ranakun kasuwa? Akwai iyalan da ke ƙauracewa sujada a watan nan saboda kunyar ambulan ɗin da ba za su iya cikawa ba, kuma babu wanda ya je ƙofarsu ya tambayi lafiya.

Iyayenmu ba su fi mu arziki ba, sun dai fi mu sanin juna. Zumuntar Mata kan raba unguwanni a tsakaninsu, su bi gida-gida da yamma da tulun kiɗa da kacau-kacau, su yi addu'a da mai jego, su share ɗakin tsohuwar da ba ta iya fita, su bar mata itace saboda sanyi. Idan mutum biyu suna gaba, dattawa sukan zaunar da su kafin Kirsimeti, domin abin kunya ne ka karɓi Jibin Ubangiji alhali ba ka gaisawa da maƙwabcinka. Ranar da aka sa domin furta zunubi, layi kan kai har waje. Yanzu layin tela ya fi shi tsawo. Mawaƙa suna bita kowace yamma, madalla, amma hankali ya tafi kan wace ƙungiya ce za ta fi kyan anko a daren waƙoƙi da wanda zai ɗauki bidiyo ya sa a Facebook. Matasa da yawa ba su san cewa daga 17 ga Disamba addu'o'in Ikklisiya suna sauya salo, kowace rana a kira Almasihu da wani suna na annabci har zuwa jajibiri. Laifinmu ne, mu da ba mu koya musu ba.

Na san abin da za a ce: zamani ne, tsoro ne, tsada ce. Gaskiya ne. Tun harin da aka kai cocin St. Theresa a Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, shiga majami'a ya zama sai da bincike a ƙofa, wurare da yawa kuma suka dawo da Misar dare zuwa yamma. Hare-haren jajibirin Kirsimeti na 2023 a ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi sun bar gidaje cikin makoki a ranar da ake sa ran murna. Cire tallafin man fetur a shekarar 2023 ya sa kuɗin mota zuwa gida ya gagari talaka. Sai dai waɗannan su ne dalilan da ya kamata su ƙara matso da mu kusa. Waɗanda suka gudo daga ƙauyukansu suna zaune a bencin baya na majami'unmu na birni, mako bayan mako, ba wanda ya san sunansu. Muna miƙa musu hannun salama a cikin Misa, mu fita mu shige motocinmu.

A Lahadi ta uku Fada kan iya sa tufafi ruwan hoda, a kunna kyandir mai irin wannan launi, saboda ranar farin ciki ce. Kiran a yi murna da ake buɗe Misar da shi ya fito daga wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa, wadda ya rubuta yana tsare a kurkuku. Mutumin da ke ɗaure ne yake ƙarfafa waɗanda suke sake, saboda sun tuna da shi, sun aiko masa da taimako ta hannun Abafroditus. Haka kuma da taro ya tambayi Yohanna abin da za su yi, amsarsa a kan riga da abinci ta tsaya: mai biyu ya raba da wanda ba shi da ko ɗaya. Masu karɓar haraji ya hana su ƙari, sojoji ya hana su ƙwace. Farin cikin Kirista daga irin wannan zama yake fitowa, kuma ƙarar amsa-kuwwa ba ta iya maye gurbinsa.

Don haka ina roƙon iyayenmu Fada-Fada da majalisun Ikklisiya: a gama godiyar kaka da gwanjonta kafin Lahadi ta farko. A daina karanta sunayen masu bayarwa da adadinsu daga bagadi. A ba ƙungiyar St. Vincent de Paul baikon Lahadi guda cikin huɗun, tun da aikinta ke nan tun kafuwarta a Faris a 1833, ziyartar matalauta a gidajensu. Iyayenmu mata, ku rage kuɗin anko, ku dawo da zagayen unguwa, ko da rana ne idan dare ba ya yiwuwa. Ku kuma maza, da kuka saba bar wa mata wannan aiki, kowa ya tsaya bayan Misa ya tambayi baƙo ɗaya sunansa da inda yake kwana, ya kuma je ya gani da idonsa kafin 25 ga wata.