Fatawa a Kan Cin Abinci da Yin Aiki a Inda Ake Soya Bekon

TAMBAYA

Allah gafarta Malam, ni ɗalibi ne daga Kano, ina karatun digiri na biyu a birnin Manchesta da ke Ingila. Na samu aikin wucin gadi a wani kantin shayi da gahawa da ke sayar da karin kumallo, kuma abin da aka fi saye a wurin shi ne bekon, wato naman aladen nan da ake yankawa fale-fale. Wata rana ni ke soyawa, wata rana ni ke kai wa masu ci, wata rana kuma wanke-wanke nake yi. Ba na cin naman, amma nakan ci ƙwai da burodin da aka soya a wurin. Abokan karatuna kuma sukan gayyace ni cin abinci a mashaya, su sha giyarsu, ni in sha lemo. Sannan a wasu wurare ina ganin bekon na talotalo da na shanu. Mene ne hukuncin waɗannan duka, da na kuɗin da na riga na karɓa?

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka damu da abin da ke shiga cikinka da aljihunka a ƙasar da ba wanda zai tuhume ka.

Haramcin naman alade ba wurin saɓani ba ne. Ya zo a wurare huɗu cikin Alƙur'ani: Baƙara aya ta 173, Ma'ida aya ta 3, An'am aya ta 145, da Nahli aya ta 115. Malamai sun haɗu a kan cewa kitsensa na bin hukuncin namansa, kuma mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya bayyana cewa haramcin ya game dukkan sassan jikinsa, ban da gashinsa da aka yi rangwamen amfani da shi. Bekon kuwa naman ciki ne ko na gadon bayan alade, a jiƙa shi da gishiri da sinadarin adanawa, wani lokaci a turara shi da hayaƙi. Gishiri da hayaƙi ba su mai da shi wani abu daban ba, yana nan naman alade. Haka 'yan uwansa da za ka gani a takardar jerin abinci da sunan ham, gammon, pancetta, lardons ko lard. Taliyar carbonara da kwaɗon ganyen da ake barbaɗa wa gutsattsarinsa duk hukuncinsu ɗaya. Baƙin tsiran nan da ake haɗawa a karin kumallon Turawan Ingila shi ma haramun ne, don da jini ake yin sa, galibi ma na alade.

Wasu masu wa'azi na jingina haramcin ga cutarwa, suna kawo rahoton hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2015, wanda ya sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke jawo kansar hanji. Rahoton gaskiya ne, amma ya haɗa har da sarrafaffen naman shanu, wanda halal ne. Mu mun bar alade ne domin Allah ya hana, ko likita ya same shi da aibi ko bai samu ba.

Bekon na talotalo ko na shanu halal ne idan an yanka dabbar yankan da shari'a ta yarda da shi kuma ba a gauraya shi da na alade ba, domin hukunci na bin abin da ke cikin faranti. A Ingila akwai hukumomin tantance abincin halal irin su HMC da HFA, ka duba hatiminsu. Wanda aka yi da waken suya ko wasu tsirrai, da soyayyen dankalin leda mai ƙamshin bekon wanda aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da marasa cin nama, babu laifi a cin su.

Inda na fi so ka tsaya ka natsu shi ne batun ƙwai da burodin da ka ce kana ci, don a nan ne mutanen kirki da yawa ke faɗawa ba su sani ba. Kai ka fi ni sanin kicin ɗinku. A irin waɗannan kantuna shimfiɗaɗɗen ƙarfen suya guda ɗaya ne: bekon a gefe, ƙwai a gefe, tumatir da burodi a tsakiya, kitsen yana narkewa yana malala ko'ina, abin juyawa kuma ɗaya. Wasu ma da gangan suke soya ƙwan a cikin wannan maiƙon don ɗanɗano. A mazhabarmu ta Malikiyya alade mai rai jikinsa mai tsarki ne, amma yanka ba ya aiki a kansa, saboda haka namansa da kitsensa najasa ne kamar mushe. Shehu Halil ya kawo a Muhtasar cewa abinci mai ruwa-ruwa yana najastuwa da najasa ko kaɗan ce, daskararre kuma gwargwadon inda ta ratsa, sannan man da ya gauraya da najasa da naman da aka dafa da ita ba sa karɓar tsarkakewa. To ƙwan da ya soyu a kitsen alade ya sha najasa, cin sa haramun ne. Haka dankalin da aka tsoma a tukunyar man da ake soya tsiran alade. Haka kuma burodin da aka sa wa bekon da zafinsa, ka ce a cire maka: an cire naman, maiƙon ya riga ya shige.

Asalin wannan shi ne hadisin Uwar Muminai Maimuna da ke Buhari, a kan ɓeran da ya faɗa cikin man shanu, inda aka yi umarni a jefar da shi da abin da ke kewaye da shi, a ci sauran. Don haka idan busasshen yanki mai sanyi ne ya taɓa gefen abinci daskararre, a yanke wurin a ci saura. Zafi da narkakken kitse su ne ke sa najasa ta ratsa.

Wannan ba ya nufin komai na kantin ya haramta. Sahabi Abu Sa'alaba al-Hushani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ƙoren Ahlul Kitabi, kuma a ruwayar Abu Dawuda an ambaci cewa suna dafa alade a tukwanensu. Aka ba shi amsa cewa in akwai wasu a yi amfani da su, in babu a wanke waɗannan a ci a ciki. Saboda haka faranti da kofi da cokalin da suka fito daga injin wanke-wanke masu tsarki ne. Shayi, gahawa, 'ya'yan itace da duk abin da bai bi ta kan ƙarfen nan ba halal ne. In kana son ƙwai, ka wanke kasko na daban, ka zuba sabon mai, ka soya abinka. A gidan abincin da ba ka san kicin ɗinsa ba, tambaya ɗaya ta isa: a ina ake soya wannan, da wane mai? In sun amsa ka kuma natsu, ka ci, kada ka buɗe wa waswasi ƙofa. Sai dai kada ka dogara da takardar gargaɗin da suke nunawa ta abubuwan da jikin wasu ba ya karɓa. Dokar ƙasar abubuwa 14 ta lissafa, kuma alade ba ya cikinsu.

Game da mashaya, na san a Ingila wurin cin abinci ce da taruwar abokai, ba kamar yadda muka san ta a gida ba. Duk da haka hadisin Jabir da Tirmizi ya ruwaito ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma lemon da ke gabanka bai fitar da kai daga teburin ba. Kyautata wa abokan karatunka abu ne da aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofarsa, don haka kada ka yanke hulɗa da su. Kai ka riga su gayyata. Titin Wilmslow a unguwar Rusholme, nan kusa da jami'a, cike yake da gidajen abincin halal. In taron makaranta ne da ba makawa sai ka halarta, ka zauna nesa da masu sha, ka gama abin da ya kai ka, ka fita.

Saura aikin, kuma shi ne mai nauyi. Hadisin Jabir da ke Buhari da Muslim ya tabbatar da cewa a shekarar buɗe Makka an haramta cinikin giya da mushe da alade da gumaka, aya ta 2 a Ma'ida kuma ta hana taimakekeniya a kan saɓo. A Mudawwana an tsananta a kan Musulmin da ya yi ƙodagon kiwon aladu ga Kirista, har aka ce ba a bar masa ladan ba, sadaka ake yi da shi ga miskinai. An ruwaito daga Imam Abu Hanifa sauƙi a kan wanda aka ɗauka dakon giyar wanda ba Musulmi ba, amma manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, ba su bi shi a kai ba. Abin da nake ba da fatawa da shi shi ne maganar mafi yawan malamai: soya bekon, da sayar da shi, da miƙa shi ga mai ci, duk ba su halatta ga Musulmi ba, ko da mai cin ba Musulmi ba ne, ko da ka sa safar hannu. Haɗa shayi da gahawa, shara da wanke-wanke sun fi sauƙi, domin aikin a kan kansa halal ne, kuma wanke faranti gusar da najasa ne. Na halatta maka su, kodayake na fi so maka wurin da babu wannan gaba ɗaya.

Ban jahilci halin da kuke ciki ba. Bizar ɗalibi awa 20 kacal ta yarje maka a mako lokacin karatu, kuɗin haya da na makaranta da fam ake biya, abin da iyaye ke turowa da naira kuwa ba ya zuwa ko'ina. Shari'a ta san larura, ayar da ta haramta alade ma ita ce ta yi rangwame ga wanda ya matsu. Amma larura ana auna ta gwargwadonta, kuma tana ƙarewa ranar da mafita ta samu. Don haka a makon nan ka sami manajanku cikin ladabi, ka gaya masa addininka ya hana ka soya naman alade da kai shi, ka roƙi a mayar da kai ɓangaren gahawa ko wanke-wanke. Dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambanci saboda addini, don haka faɗin dalilinka ba abin tsoro ba ne, kodayake ba ta tilasta masa amsa kowace buƙata ba. In ya ƙi, kuma barin aikin nan take zai jefa ka cikin rashin abinci ko matsuguni, ka ci gaba na ɗan lokaci kana ƙin abin a zuciyarka, kana neman wani da gaske: gidajen abincin Musulmi, rumbunan ajiyar kaya, aikin tsabta, gadi, ko aiki a cikin jami'ar kanta. Ka sanar da limamin masallacin da kake salla da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, don irin waɗannan guraben ta bakin mutane aka fi jin su. In kuwa kana da abin da zai riƙe ka, to babu larura, ka bari yanzu.

Kuɗin da ka karɓa kafin ka san hukunci naka ne, ka yi istigfari, Allah mai gafara ne. Wanda za ka karɓa nan gaba kafin ka samu canji, ka ɗauki abin da zai biya buƙatarka, in an samu rara ka kimanta kason suya da kai abincin ka bayar ga mabuƙata. Ƙwan da ka ci a baya cikin rashin sani babu zunubi a kanka. Maganar da ake yaɗawa cewa wanda ya ci alade ba a karɓar sallarsa kwana arba'in ba ta da tushe, a kan mai shan giya ne hadisin ya zo.

Taɓa naman ba ya karya alwala, warinsa kuma ba ya najasta ka. Inda maiƙo ya taɓa a jiki ko tufafi, ka wanke da sabulu ka ɗauraye da ruwa mai tsarki har ya gushe. A wurin Malikiyya ba a buƙatar wanki bakwai da ƙasa, wannan maganar Shafi'iyya da Hambaliyya ce. Abin da ya fi maka sauƙi shi ne ka ware kayan aiki daban da na salla.

Ka rubuto mini abin da manajan ya ce. Allah ya buɗa maka ƙofar halal, ya sa ka gama karatunka lafiya. Allah ne mafi sani.