Masu Jiran Ubangiji a Damagaram

'Yan'uwana Kirista na Damagaram, da ku nake. Manomin Mirriya da na Matamaye, baduku da tela a kasuwar Dole, ɗan kabu-kabu da ke ƙona mai tun asuba bai haɗa jikka biyu ba, malamin lakwal da ke duban hanyar albashi, uwar da ta jera jarkoki a bakin famfo tun tsakar dare. Babu wanda zai koya muku jira. Garin nan ya daɗe da ƙishi, har ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka kwashe babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Abin da nake roƙonku shi ne ku yi jiran da kayan aiki a hannu.

Ku tuna yadda aka fara. A 1924 'yan mishan na SIM suka sauka a Damagaram, a nan aikinsu ya soma a ƙasar Nijar. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa bai fito ba sai 1932. Shekaru suka yi ta wucewa, masu bi ba su cika ɗaki ɗaya ba, kuma har yau mu 'yan kaɗan ne a ƙasar. Waɗanda suka riƙe bangaskiya a wancan zamani sun yi noma, sun yi jinya, sun koyar da karatu, da yawansu suka kwanta dama ba su ga majami'ar da kuke zama a ciki ba.

Ku tuna kuma da Juma'ar 16 ga Janairu, 2015. Saboda zanen da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, wanda ba mu da hannu a ciki ko kaɗan, aka banka wa majami'u wuta a garin nan, aka ƙona gidaje da shaguna, iyalai suka kwana a barikin soji. Washegari wutar ta kai Yamai, inda 'yan sanda suka ƙirga majami'u 45. Mutum 10 suka rasu a kwana biyun. A ranar, akwai maƙwabta Musulmi da suka buɗe ƙofa suka ɓoye Kirista a ɗakunansu, wannan alheri bai kamata ya fita daga bakinmu ba. Bayan haka me kuka yi? Kuka share toka. Kuka yi sujada a cikin bango marar rufi. Kuka koma kasuwa kuna gaisawa da mutanen da ba ku san abin da suka yi ran nan ba. Ban san wa'azin da ya fi wannan ƙarfi ba.

A Littafi Mai Tsarki, Yusufu ya fi kowa burge ni a fagen jira. An sayar da shi, an yi masa ƙazafi, an jefa shi kurkuku. A can ɗin ma sai da aka danƙa masa kula da 'yan'uwansa ɗaurarru, domin amanarsa ba ta ɓuya. Wata safiya ya dubi fuskar mai shayar da Fir'auna da ta mai toya masa gurasa, ya ga damuwa, ya tambaye su abin da ke damunsu. Mutumin da nasa kukan ya ishe shi, ga shi yana lura da fuskar wani! Da tasa matsalar ta rufe masa ido da safen nan, da ƙofar fada ba ta buɗe masa ba. Ko bayan haka ma sai da mai shayarwar ya manta da shi shekara 2 cur. Amma ku lura, Yusufu ya buɗe baki ya ce a tuna da shi, ya faɗi cewa zalunci ne ya kai shi ramin. Saboda haka malami, nemi albashinka. Lebura, nemi kuɗin guminka, cikin ladabi, ba tare da tsoro ba. Haƙurin Kirista bai ɗinke bakin kowa ba.

Manzo Bulus, wanda da ɗinkin tanti yake ci, ya ji labarin wasu a Tasalonika sun ajiye aiki wai suna jiran dawowar Almasihu. Ya rubuta ya ce su koma su nemi abincinsu.

Gonakinmu ma sun ba da shaida. Bayan farin shekarun 1970, ƙasa ta zama fako, iska na kwasar shuka. Wajen 1983, Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aiki da SIM a Maraɗi, ya gaji da dashen itatuwan da ke mutuwa, ya yi addu'a, sai ya lura cewa 'yan toho da manoma ke sarewa kowace shekara daga kututturen manyan itatuwa suke fitowa, saiwarsu na raye a ƙarƙashin ƙasa. Sassabin zamani ke nan: ka zaɓi toho mafi ƙarfi, ka rage sauran, ka kare shi daga awaki da gatari. An yi wa masu farawa dariya, an ce gonarsu ƙazama ce. Yau masana sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a kudancin Nijar, kuma wanda ya bi hanyar Magarya ya ga gawo tsaye a gona bayan gona, yana ba ƙasa taki, yana ba dabbobi abinci da rani. Manoma ne suka yi wannan, Musulmi da Kirista, da adda da haƙuri.

To, Baba, wasa addarka tun kafin hadari ya haɗu. Inna, kada ki taɓa irin da kika ɓoye, ko da rumbu ya yi ƙasa. Ɗan'uwa mai takardar digiri a akwati, je ka koyi walda ko gyaran babur kafin kiran ya zo, babu kunya a ciki. Dattawan ikkilisiya, ku san gidan da ba a ɗora tukunya ba jiya, ku aika da tiyar gero kafin Lahadi. Ku yi addu'ar safe da ƙarfi, ku ɗaura ɗamara, ku fita.