Giɓin Harajin Bara

A ce wani mai fataucin shanu a Dangoma, cikin ƙasar Kalgo, ya sami riba mai kauri bara, amma da aka zo rubuta abin da ya samu don a yanka masa haraji, sai ya faɗi rabi. Aka karɓa, aka ba shi rasit. Ba wanda ya sani sai shi da Mahaliccinsa. To, wajibi ne ya koma ya gyara, ko kuwa abin da ya wuce ya wuce?

Ɓoyon dukiya daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Gwandu. Zamanin En'e, in ƙidayar jangali ta gabato, wasu makiyaya kan kora rabin garke daji su nuna saura. Suna da abin faɗa kuwa, gama Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya lissafta jangali cikin zaluncin sarakunan dā a littafinsa Kitabul Farƙi. Amma a dubi harajin gari. Shi jimla guda a kan yanka wa gari, mai gari da dattawa su raba wa magidanta gwargwadon ƙarfinsu. Saboda haka sulen da mai hali ya ɓoye bai rage wa baitulmali kome ba. A wuyan maƙwabcinsa ya faɗa, watakila wanda sai da ya sayar da akuya kana ya biya.

Yanzu kowa kan samunsa a ke yanka masa, duk da haka maƙwabcin yana nan. Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti, tun albashi bai iso hannunsu ba an cire nasu. Hanya ɗaya su ke bi da falken nan zuwa Birnin Kebbi, su sun biya cikakke, shi rabi.

Lalle wani zai ce, kuɗin ma ina su ke zuwa? Tambaya ce mai nauyi, ba kuwa za a raina ta ba. Sai dai cin amanar wani ba ya mai da ƙaryarka gaskiya, kuma wanda ya biya daidai shi ke da bakin tuhumar masu riƙon baitulmali. Malamai sun ce tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar da haƙƙin, nadama kaɗai ba ta isa ba.

Abin da ke hana yawancin mutane komawa tsoron tara ne. Don haka a shekarar 2017 Gwamnatin Tarayya ta buɗe ƙofa, ta ce wanda ya zo da kansa ya bayyana abin da ya ɓoye, zai biya ainihin bashin, a yafe masa tara. An rufe ƙofar nan a ƙarshen Yuni 2018. Mai gyara yau sai ya tattara lissafin cinikinsa na shekarar, ya kai ofishin Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Kebbi, ya shirya wa biyan giɓin, watakila har da tara. Sabuwar dokar da ta fara aiki Janairu 2026 ta ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko a samun shekara, amma ba ta shafe bashin shekarun baya ba.