Igwa a Gefen Sunayen Matattu

Wanda duk ya taso daga kasuwar Adjamé a Abijan yana nufin Treichville, galibi sai ya ratsa unguwar Filato kafin ya hau gada ya ƙetare tafkin Ebriye. A cikin Filaton nan kuwa, wadda Faransawa suka keɓe wa kansu lokacin da Abijan ta zama babban birni a 1934, har suka gitta barikin soja na Gallieni tsakaninsu da baƙar fatan Adjamé, akwai dutsen da aka gina don tunawa da waɗanda yaƙi ya ci. Al'adar daga Faransa ta taho, inda bayan yaƙin 1914 zuwa 1918 kusan kowane ƙauye ya kafa nasa, aka sassaƙa sunayen 'ya'yansa da suka halaka, a wurare da dama kuma aka girke masa igwar da aka ƙwato daga Jamusawa a gefe.

To, mene ne hukuncin wannan a wurin Musulmi? Ɗalibin da ya sauke Risala zai yi gaggawar cewa gini a bisa kabari makaruhi ne, wanda ya kai ga Muhtasar na Sidi Halil kuwa zai ƙara da cewa idan an yi shi don alfahari ya zama haramun. Amma dutsen nan ba kabari ba ne, babu gawa a ƙarƙashinsa, saboda haka mas'alar ta koma ga niyya, watau ko ibra ake nufi ko alfahari. A nan ne nake ganin wajibi ne a raba suna da igwa, domin sunan mamaci, ko da na wanda ba ka sani ba ne, yana tuna maka cewa uwa ce ta haife shi kuma ajali ya riske shi kamar yadda zai riske ka, alhali ita igwa, da aka shafe ta da fenti aka ɗaga bakinta sama, ba ta faɗin kome sai ƙarfin daula. Mu ma ai ba baƙinta ba ne: Sarkin Damagaram Tanimu ya sa an ƙera masa ita a Zinder, kuma da ita Ingilishi suka fasa Ƙofar Kabuga suka shiga Kano a 1903.

Sai dai akwai abin da ya fi wannan nauyi a mizanin shari'a, shi ne haƙƙi. Sojojin Afirka da Faidherbe, gwamnan Faransa a Sanagal, ya soma haɗawa a 1857, waɗanda ake kira 'yan Sanagal ko da Mosawa ne, ko Bambara, ko Hausawan Nijar, an kwashe su dubbai zuwa yaƙoƙin duniya biyu, da yawansu ba da son ransu ba. Waɗanda suka nemi kuɗinsu a barikin Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944, harsashi aka ba su. Waɗanda suka rayu kuma, dokar Faransa ta 1959 ta daskarar da fanshonsu, ta yadda mutum biyu da suka kwana rami ɗaya a fagen fama, Bafaranshen yana karɓar ninki-ba-ninki na abin da ɗan Afirka yake karɓa. Malamanmu ba sa raba gado sai an biya bashi, ban kuwa san yadda wanda ake bi bashi zai kai wa dutse furanni ya ce ya sauke nauyi ba.

Ba a kammala daidaita fanshon ba sai a 2011, bayan hukuncin kotun tsarin mulkin Faransa na 2010, lokacin da akasarin mazan jiyan sun riga mu gidan gaskiya. Abdullahi Ndiaye, na ƙarshensu daga yaƙin farko, ya rasu a ƙauyensu a Sanagal ranar 10 ga Nuwamba 1998, ana gobe za a maƙala masa lambar girma.