Fitilar Nan Domin Wa?

'Yan'uwa, a makarantun sakandare na ƙasar Yawuri akan ga shugaban ɗalibai ya harhaɗa waya da batir da faifan hasken rana, fitila ta kama. Sai tafi, sai kyauta. Mu ma muna murna, gama hikima baiwa ce. Amma fitilar nan domin wa?

Mu tuna da madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968. Aikin masu ilimi ne ƙwarai. Wutar lantarki ta tafi manyan birane, ruwa kuwa ya ci tsohuwar Busa, ya ci gonaki da tsibiran Gungawa, aka ta da dubban mutane daga gidajen kakanninsu. Da yawa cikinsu sun daɗe suna kunna aci-balbal a bakin tafkin da ke haskaka waɗansu.

Saboda haka ba mu auna shugabancin yaro da kyautar da ya ciwo. Ko ƙananan 'yan aji ɗaya suna karatu da fitilar da dare? Ko ya koya wa wani gyaranta kafin ya bar makaranta? Ko kuwa tana kulle cikin akwati, tana jiran ranar zuwan manyan baƙi?

Iyaye, in ɗanku ya zo hutu da takardar yabo, ku tambaye shi inda ya baro fitilar.