Alƙalami Ɗaya, Amana Biyu

Da yawa daga cikinmu muna burin idan mun bar jami'a mu ci abinci da alƙalami, mu yi aikin jarida da rana, da dare mu ƙaga labari. Wannan hanya tsohuwa ce. Abubakar Imam, wanda ya shirya ƙaryar Ruwan Bagaja aka buga a 1934, shi ne ya zauna kujerar editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939. To amma shin hannun da ya saba ƙawata zance zai iya kame kansa ranar da aka aike shi ƙirga gawa?

Mu dubi Kajuru. A watan Fabrairu na 2019, ana jajibirin zaɓe, gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar da kisan mutum 66 a ƙaramar hukumar, daga baya ta ce 130 ne. Wasu suka musanta adadin, Adara da Fulani kowa na kukan nasa mamatan. Editan da labarin ya iso teburinsa a daren nan yana da zaɓi mai nauyi. In ya kira abin rikici, ya raba laifi biyu ke nan. In ya ce hari, ya nuna wani da yatsa. In kuwa ya sa sunan ƙabila a kanun labari, wataƙila ya wasa wuƙar wani a garin da bai taɓa takawa ba. Mun ga haka a 1987, lokacin da faɗan ɗalibai a Kwalejin Ilmi ta Kafanchan ya bazu har Zariya da Funtuwa da Katsina, aka kuma zargi gidan rediyon tarayya na Kaduna da rura wutar. Magana zarar bunu ce.

Wasu za su ce gara a yi shiru. Ba mu yarda ba, domin uwar da aka binne ɗanta ba a ko ambata shi ba an zalunce ta sau biyu. A ganinmu kowane aiki da hurumin da aka ba shi. Ɗan jarida ba shi da izinin ƙara ko mutum ɗaya a kan abin da ya tabbatar, kome daɗin da jimlar za ta yi. Mai ƙagaggen labari kuwa an sake masa mara ya ƙirƙiro wata mai sayar da citta a Kasuwan Magani, ya ba ta suna, da bashi, da maƙwabciya daga ɗaya ɓangaren, har mai karatu ya kasa ƙin ko ɗayansu. Sharaɗinsa guda ne, ya rubuta a bangon littafin cewa ƙage ne.